Abincin Dare Cikin Minti Talatin: Yadda Uwa Mai Hidima Za Ta Tsara Girkin Mako

Girkin dare yakan faɗo ne daidai lokacin da ƙarfin uwa ya ƙare. An dawo daga aiki ko an wuni ana hidimar gida, ƙaramin yaro ya riƙe zani yana ƙananan koke-koke, babban yana jiran a duba masa aikin makaranta, ga kuma tambayar da ba ta fashi: yau me za a dafa? Idan kin lura, tsayuwa a gaban wuta ba ita ce ke cin lokaci ba. Shawarar abin da za a dafa, da ɓare albasa, da markaɗe, da jiran ruwan tumatir ya ƙone, da jiran nama ya saki ƙanƙara, su ne ke mayar da girkin minti talatin ya koma na awa biyu. Dukkansu kuwa ayyuka ne da za a iya ɗauke su daga yammacin da kike a gajiye, a kai su ranar da kike da sarari. A kan wannan aka gina duk abin da ke tafe.

Awon da ke ƙasa na gida mai mutum biyar ne, manya biyu da yara uku. Duk inda aka ce kofi, ana nufin mai cin mililita 250.

Ki fara da takarda kafin tukunya

Ki rubuta abincin dare biyar kawai, ba bakwai ba. Dare ɗaya na cinye abin da ya rage ne, ɗayan kuma ki bar shi a buɗe, domin ba a rasa ranar da baƙi za su zo ko yaro ya tashi da zazzaɓi. Wadda ta cika jadawalinta dam, rana ɗaya ce za ta goce mata ta watsar da tsarin gaba ɗaya.

Wajen jera kwanakin, ki bi saurin lalacewar kaya. Ganye da ɗanyen kifi su zo a kwana biyun farko. Kabeji, karas, dankali, ƙwai da kifin gwangwani suna da haƙuri, su jira ƙarshen mako. Kafin ki fita cefane ki leƙa firij da ma'ajiyar abinci, ki rubuta abin da babu kaɗai. Takardar kuma ki manna ta inda kowa zai gani, don maigida ko babbar yarinya su iya ɗora ruwa tun kafin ki iso.

Uwar miya

A nan ya kamata ki fi ba da hankali, domin ita ce za ta ɗauki nauyin dare huɗu cikin biyar. Soyayyen kayan miya ne da ba a sa masa nama ko kayan ƙamshi masu ƙarfi ba, shi ya sa yake shiga kowane girki ya ɗauki ɗanɗanon da aka ba shi.

Za ki nemi tumatir nunanne kilo 2, manyan tattasai 6, albasa 4, tafarnuwa ƙwaya 6, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, mai kashi uku cikin huɗu na kofi, da gishiri ƙaramin cokali 2. Barkono kuwa ki sa kaɗan ko ki bari sai ranar girki, saboda yara. Ana iya ƙara yaji a faranti, amma ba a iya cire shi daga tukunya.

Ki cire 'ya'yan tattasai, ki markaɗa shi da tumatir da albasa biyu ba tare da ƙara ruwa ba. Idan na'urar markaɗen ta ƙi juyawa, ki fara sa tumatir a ƙasa, ruwan jikinsa zai ja sauran. Ki juye a tukunya mai faɗi, ki ɗora a wuta mai ƙarfi, a buɗe, minti 30 zuwa 40, har ya koma kusan rabi. Faɗin tukunyar yana da muhimmanci: a tukunya mai zurfi da ƙaramin baki tururi ba ya samun hanyar fita da sauri, sai ki ɓata awa guda kina jira. Za ki gane ya yi idan kumfar sama ta ɓace, yana fitar da manyan ƙofofi yana tsalle kamar kunu mai kauri.

Yana kan wuta ki yayyanka sauran albasa biyun siri-siri. Ki zuba mai a wata tukunyar, ki soya albasar a matsakaiciyar wuta minti 8 zuwa 10, har ta yi laushi ta soma ja a gefe-gefe. Wannan matakin ne masu sauri ke tsallakewa, alhali zaƙin albasar da ta soyu a hankali shi ke kashe kaifin tumatir. Sai ki zuba dakakkiyar tafarnuwa da citta, ki juya na rabin minti kawai. Tafarnuwa tana saurin ƙonewa, idan kuwa ta ƙone ɗacinta zai bi miyar har ƙarshe. Ki juye markaɗen, ki sa gishiri, ki rage wuta, ki riƙa juyawa duk bayan minti uku ko huɗu kina kankaro ƙasan tukunya. Bayan kamar minti 20 launin zai koma ja mai duhu, mai ya taso ya kwanta a gefe. Ki ɗanɗana. Idan babu gafin ɗanyen tumatir, ta yi.

Ruwa ba ya tsami banza, miya ma haka. Idan ta yi tsami, mafi yawan lokuta ba ta soyu ba ne, sai a ƙara mata minti goma. Idan tumatir ɗin ne bai nuna sosai ba, ki goga karas ɗaya a ciki ko ki sa rabin ƙaramin cokalin sukari. Idan kuma kin ji ƙauri, kada ki kankare ƙasan. Ki juye na saman a wata tukunya ki ci gaba.

Za ki samu kamar kofi 6. Ki raba gida huɗu, kofi ɗaya da rabi kowanne. Biyu su shiga firij, biyu firiza. A mazubi marar zurfi za ki zuba, domin miyar da aka bari a babbar tukunya tana daɗewa tsakiyarta na da ɗumi, kuma ɗumin nan ne ƙwayoyin cuta ke so. Idan a leda za ki daskarar, ki shimfiɗa ta ta yi fale-fale. Ta fi saurin daskarewa, ta fi saurin narkewa, ba ta kuma cin wuri.

Kaza da wake, a wuta ɗaya da miyar

Tunda kina tsaye a kicin ɗin, kada sauran bakin murhun su zauna banza. Ki ɗora kaza kilo ɗaya da rabi, yankakkiya, da albasa ɗaya, citta, tafarnuwa, gishiri, da ruwa lita ɗaya da rabi. Idan ta tafasa ki rage wuta ta riƙa dahuwa a hankali minti 25 zuwa 30. Kaza mai tauri za ta fi haka. Ɓararraka da wuta mai yawa tana sa tsokar ta bushe ta yi zare-zare. Kaza ta nuna idan tsakiyar tsoka ta kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos. Wadda ba ta da ma'auni ta tsaga wurin da ya fi kauri a jikin ƙashi, kada a ga ja, ruwan da ke fita kuma ya zama garai. Ki tsame naman, ki tace romon ki adana daban. Romon nan dukiya ne, shi zai sa shinkafar da aka dafa cikin gaggawa ta yi ɗanɗanon wadda aka ɓata wa lokaci.

Wani abu game da ɗanyar kaza: wanke ta a ƙarƙashin famfo yana fantsama ƙwayoyin cuta a kan kwanuka da teburin girki, kuma ruwa ba ya kashe su, wuta ce ke kashewa. Idan akwai abin da za ki gyara a jikinta, ki yi a cikin kwano a hankali, sannan ki wanke kwanon da wuƙa da katakon yanka da hannuwanki da sabulu kafin ki taɓa ganye.

Wake kofi 3 ki jiƙa tun daren jiya, awa takwas ko fiye. Ki zubar da ruwan jiƙon, ki sa sabo, ki dafa minti 45 zuwa awa ɗaya. Kada ki sa tumatir ko wani abu mai tsami sai ya yi laushi, domin tsami yana hana fatar wake sakin jiki. Tsohon wake da ya daɗe a ajiye ma yakan ƙi nuna da wuri. Idan babban jan wake ne mai siffar ƙoda, dole ya yi tafasa mai ƙarfi ta aƙalla minti 10 a farko, saboda yana da wani sinadari da ke sa amai da gudawa idan bai sha zafi sosai ba. Za ki samu kofi 7 ko fiye. Ki raba, dafaffen wake yana jure firiza sosai.

Duka wannan aikin awa biyu ne zuwa biyu da rabi, kuma rabinsa jira ne. A cikin jiran ki wanke karas da kabeji, ki bar su su tsane sarai kafin ki adana, don danshi ne ke ruɓar da su. Dankalin turawa kada ki fere shi tun yanzu, zai yi baƙi, kuma ɗanyensa ba ya son firiza.

Dare biyar

Na farko, shinkafa dafa-duka. Ki zuba kaso ɗaya na uwar miya a tukunya da romo kofi biyu da rabi, da kayan ƙamshin da kike so. Ki ɗanɗana ruwan tun yanzu. Ya kamata gishirinsa ya ɗan fi yadda kike so, domin shinkafa za ta shanye. Idan ya tafasa ki zuba wankakkiyar shinkafa kofi 2, ki juya sau ɗaya, ki rufe ruf, ki mayar da wuta can ƙasa. Ruwan ya ɗan rufe shinkafar kawai. Bayan minti 15 ki watsa karas da koren wake da tsokar kaza a sama ba tare da juyawa ba, ki sake rufewa minti 10. Ki kashe wuta ki bar ta a rufe minti biyar. Tururi ne ke ƙarasa dafa shinkafa, don haka duk buɗe murfin da kika yi kin zubar da shi. Yawan juyawa kuma ke sa ta caɓe. Idan ruwa ya ƙare tana da sauran tauri, ki yayyafa ruwan zafi kwata na kofi, ki rufe bakin tukunya da takardar gashi ko tsaftataccen ƙyalle a ƙarƙashin murfi, minti bakwai. Ki kula kada gefen ƙyallen ya sauko kusa da wuta.

A daren nan ki dafa farar shinkafa kofi 2 a gefe, domin gobe.

Na biyu, soyayyar shinkafa, wadda ba ta buƙatar uwar miya. Shinkafar da ta kwana a firij ta fi sabuwa kyau a nan, saboda ta bushe ta warware. Ki sa mai babban cokali 2 a kasko mai faɗi, wuta mai ƙarfi. Ki soya ƙwai 4 ki kwashe. Ki zuba albasa da karas minti uku, kabeji minti biyu, sannan shinkafar, kina murƙushe dunƙulen da bayan cokali har ko'ina ya ɗau zafi yana tururi. Ki mayar da ƙwan, ki gyara gishiri. Idan kaskon ƙarami ne ki soya sau biyu. Cika shi ke sa kayan su fitar da ruwa su dahu maimakon su soyu.

Na uku, wake da dankali. Ki yanka dankali huɗu ƙanana-ƙanana, ki dafa a romo kofi 2 na minti 12. Ki zuba dafaffen wake kofi 3 da kaso ɗaya na uwar miya, minti 10. Ki murƙushe ludayi ɗaya na waken a jikin tukunya, shi zai ɗaure romon ya yi kauri. Ganye, idan akwai, a minti biyun ƙarshe.

Na huɗu, taliya da kifin gwangwani, wanda shi ne na ranar da kika fi gajiya. Taliya giram 500 tana son ruwa mai yawa, lita huɗu ko kusa da haka, kuma sai ya tafasa sosai za ki zuba, ki juya a mintin farko don kada ta manne. Tana dahuwa ki ɗumama miya a kasko da kifi gwangwani biyu. Ki tsame taliyar minti ɗaya kafin lokacin da aka rubuta a jikin ledar, ki juye ta cikin miyar da rabin kofin ruwan da ta dahu a ciki, ki juya minti ɗaya. Sitacin da ke cikin ruwan ne ke sa miyar ta kama jikin taliya. Kada ki ɗauraye ta da ruwan sanyi, wanke wannan sitacin kike yi.

Na biyar, ƙwai a cikin miya. Ki zuba kason ƙarshe a kasko da rabin kofin ruwa. Idan ya soma tafasa ki yi ramuka da cokali, ki fasa ƙwai ɗaya a kowane rami, shida ko bakwai, ki rufe minti 7 zuwa 8. Ga ƙananan yara da mai juna biyu, a bari gwaiduwar ta daskare sosai. A ci da burodi ko dafaffen dankali.

Wata za ta ce ai duk ɗanɗano ɗaya zai zama. Ba zai zama ba idan kin canza kayan ƙamshi: kori a shinkafa, citta da masoro a wake, ɗan ruwan lemon tsami a kan kifi, ɗanyar albasa da ganye a kan ƙwai. Dalilin barin uwar miya ba ƙamshi ke nan.

Ajiya, inda kuskure ke da tsada

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Saboda haka dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, idan kuma ana tsananin zafi, sama da digiri 32, awa ɗaya. A firij, dafaffen nama da miya da wake suna kai kwana uku zuwa huɗu. Abin da za a ci bayan haka ya tafi firiza tun ranar farko. Ki rubuta kwanan wata a jikin mazubi, ƙwaƙwalwar mai hidima ba ta riƙe irin wannan.

Shinkafa ta fi kowa buƙatar kulawa, ga shi ita aka fi yi wa sakaci. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke tsira daga dahuwa. Idan shinkafa ta daɗe da ɗumi a tukunya, ƙwayar tana yaɗuwa ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Don haka wadda za ta kwana, ki baza ta a faranti mai faɗi ta huce, ta shiga firij cikin awa ɗaya, a ci washegari, a ɗumama sau ɗaya tak har ta yi tururi. Hanci ba ya gano wannan matsalar. Shinkafa tana iya zama ba wari ba yauƙi amma ta kwantar da yaro.

Idan wutar lantarki ta ɗauke, firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, firiza cikakke kwana biyu, wanda ke rabi kwana ɗaya. Wadda ba ta da sanyin da za ta dogara da shi, kada ta dafa nama na kwanaki. Ta jingina da kayan da ba sa lalacewa da wuri, wato tumatir da kifi na gwangwani, busasshen wake, taliya, albasa, kabeji da dankali, ta dafa daidai abin da gidan zai cinye. Jadawalin da jiƙa wake tun dare za su ci gaba da yi mata amfani.

Rabin awar kanta

Da shigarki kicin, kafin ki taɓa wuƙa, ki ɗora ruwa. Abin da ya fi daɗewa shi ke fara hawa wuta, yanke-yanke ya biyo baya. Ki tara ruwan sabulu a kwano, duk abin da kika gama da shi ki jefa, ki wanke a lokacin da shinkafa ke turara.

Yaran da suka dawo da yunwa ba za su bar ki ki yi aiki ba. Ki ba su yankakken karas ko ɗan 'ya'yan itace, ba biskit ba, don kada ya toshe musu ciki. Sannan ki ba su aiki. Ɗan shekara huɗu zai iya wanke tumatir ya jera cokula, ɗan bakwai ya ɓare dafaffen ƙwai ya auna shinkafa, ɗan goma sha biyu ya yanka kabeji kina kusa. Maza da mata duka. Makon farko za su ɓata miki lokaci, gaskiya ne, amma bayan wata guda hannu ne kika samu. Hannun kasko kullum ya kalli ciki, kuma kada a soya abu da jariri a hannu. Idan mai ya kama da wuta, ki kashe murhu ki rufe da murfi. Zuba ruwa yana sa wutar ta yi tsalle.

Na jaririn da ya fara cin abinci, ki ɗebe tun kafin gishiri da yaji. Ƙodarsa ba ta ƙosa ta ɗauki gishiri ba, zuma kuma ba a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba. Manya ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano mafi yawansa gishiri ne. Idan kin sa shi, ki rage ɗayan. In gishiri ya zarce, maganinsa ƙari ne: ruwa, dafaffen wake, ko markaɗen da ba gishiri. Jefa dankali ɗaya a ciki ba ya tsotse gishirin yadda ake faɗa.

Yaron da ya ƙi ganye kada a dafa masa wani abu daban, kada kuma a yi masa dole. Ki sa masa cokali ɗaya a gefen abin da ya saba, ki ci naki yana gani. Yaro kan buƙaci ganin sabon abinci sau goma ko fiye kafin ya karɓa, yawancin iyaye kuwa tun kafin a kai haka suke haƙura. Ke ma ki zauna ki ci tare da su da zafinsa. Uwar da ta tsaya kan kowa har ya ƙoshi, sannan ta ci sauran a tsaye a bakin tukunya, ita ce ke wayar gari ba ƙarfi, kuma ba wanda hakan ya amfana.

Kafin ki kwanta, ki duba takardar nan ta jikin firij. Idan gobe akwai abin da ke firiza, ki sauko da shi ƙasan firij a cikin kwano don kada ya ɗiga a kan wani abu. Miyar da aka shimfiɗa a leda za ta narke kafin yammacin gobe, babban dunƙulen nama mai kilo biyu kuwa yana buƙatar kwana guda cur. Idan kin manta, ki sa ledar a ɗaure cikin ruwan sanyi, kina canza ruwan duk rabin awa, ki dafa nan take da ya saki.